A Sha Ruwa, In Ji Koci

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da kafin hantsi riga ta manne wa mutum a baya. Ran sha ɗaya ga wata ina zaune a ofis, na jingina kai da bango ina jiran azahar, sai waya ta yi ƙara. Ngozi ce, 'yar Koci Uche, mutumin da ya koya mini ƙwallon kwando a kwaleji.

"Yaya Lawan, ka zo ka yi wa babanka magana. Ni na gaji."

"Me ya yi kuma?"

"Azumi yake yi. Likita ya ce ƙodarsa ba za ta ɗauka ba, dole ya riƙa shan ruwa da magani da rana. Tun safe na ajiye masa kofin ruwa, ko kallonsa bai yi ba. Jiya har jiri ya kwashe shi a ƙofar banɗaki. Na ce Baba, kai fa Kirista ne. Ya ce alkawari ba shi da coci, ba shi da masallaci."

Na san alkawarin, don a gabana aka yi shi, kuma saboda ni aka yi shi. Rabon da azumi ya zo cikin irin wannan zafi an haura shekara talatin, kuma a wancan azumin ne abin ya faru.

A lokacin ina shekarar farko a kwaleji. Ni ɗan Fagge ne, gidanmu gidan malamai, kuma Allah ya yi ni dogo, tsawo na ba gaira ba dalili. A unguwa Falwaya ake ce mini. Duk ƙofar da na shiga sai na buge goshi, duk wandon da aka ɗinka mini sai ya ɗage. Ina tafiya a duƙe don kada a gan ni. Ranar da nake layin rajista wani gajeren Ibo mai faɗin ƙirji, da usur rataye a wuya, ya zagaya ni sau biyu yana kallo. Koci Uche ke nan.

"Kai, Dogo, me kake yi da tsawon nan?"

Na ce, "Ba komai, sai cire yanar gizo-gizo a gida."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce gobe da la'asar in same shi a fili, in zo da takalmi ko da na roba ne. Wallahi shi ne mutum na farko da ya kalli tsawona bai ga abin dariya ko abin tausayi ba. A filinsa na fara miƙe wuya.

Filin kuwa ba wani fili ba ne. Siminti ne da ya tsattsage, da sanduna biyu, da allunan katako da shi Koci ya yi wa fenti da hannunsa. Ragar kwandon matarsa ce ta saƙa da igiyar buhu. Ƙwallo biyu gare mu, ɗaya tana sacewa, sai a yi ta hura ta da famfon keke. Mu goma sha huɗu ne, tara Musulmi daga Fagge da Kwaciri, biyar Kiristoci daga Sabon Gari. Dokarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita ta: "Mai usur shi ne mai magana." In aka busa, ko kana sama da ƙwallo a hannu sai ka sauko.

Mahaifina, Malam, bai taɓa son ƙwallo ba. Amma mutum ne da ba ya hana abu sai da dalili. Ya ce mini, "Ka je. Sharaɗi biyu ne. Kada ta taɓa maka salla, kada ta taɓa maka azumi. Ranar da ta taɓa ɗaya, ka gama." Malam ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana.

Sai ga azumi ya zo, ga kuma wasa tsakanin kwalejoji an sa shi sati guda bayan salla.

Kai, wancan zafi! Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce ƙari nake yi. Iskar da ke kaɗawa ma ƙona fuska take yi. Kwalta tana narkewa a Titin Ibrahim Taiwo, takalmi yana ɗauko ta. Famfon unguwarmu ya yi sati uku bai ɗiga ba, 'yan garuwa suka zama sarakai, sai an bi su ana lallashi. Wuta kuwa in ta zo da rana, kafin a kunna fanka ta koma. Ƙanƙara gida ɗaya ake samunta a layinmu, ita ma sai wanda ya riga.

Gidanmu komai da tsarinsa. Kafin asuba Inna za ta tashe mu, mu ci ɗumamen tuwo ido a rufe, mu ɗura ruwa har ciki ya yi ƙara. Bayan salla ni da ƙanina mu ɗauki jarka mu tafi rijiyar masallaci, sahu uku kafin rana ta fito. Inna ta cika randuna, ta lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ta jiƙa tsamiya da wake. Da azahar gida ya yi tsit, kowa ya nemi siminti ya kwanta, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Bayan la'asar kuma sai gida ya farka: turmi, tankaɗe, ƙamshin ƙosai yana shiga hanci yana murɗa hanji. Malam yana zaure da littattafansa. Ni kuwa a daidai lokacin nake ɗaura takalmi in tafi fili, Inna tana bi na da ido tana cewa, "Wannan yaro, kai da wahala kun ƙulla."

Koci shekararsa biyu ke nan a Kano a lokacin. Hausarsa a Kasuwar Singa ya koye ta, a shagon kawunsa, cikin 'yan dako. Can in an gama sauke mota sai maigida ya ce, "A sha ruwa," wato a huta. To shi ma haka yake ba mu hutu a fili.

Ranar ɗaya ga azumi, mun yi gudu mun yi gudu, harshe ya zama kamar soso, sai muka ji firrr!

"A sha ruwa!"

Muka tsaya cak. Muka kalli rana, tana nan daram a sama. Wani abokinmu Bala, sarkin tsokana, ya ce, "Koci, ladanin Sabon Gari ne ya kira? Mu namu saura awa biyu da rabi!"

Dariya ta kwashe mu har wasu suka zube. Aka yi masa bayani cewa a watan nan shan ruwa na nufin buɗa baki, ba a faɗinsa sai rana ta faɗi. Kunya ta kama shi, ya dafe kai, ya rantse daga yau "a huta" zai riƙa cewa. Ina! Baki ya riga ya saba. Kullum sai ta suɓuce masa, mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Allah ya kai mu!" Sai mu ruga wurin duron ruwan da muke cikawa da hannunmu, mu tsoma kai, mu jiƙa riga, mu koma. 'Yan Sabon Gari kuwa ya kafa musu doka: wanda zai sha ya zaga bayan sito. "Ba a sha a gaban mai azumi," in ji shi.

Ran uku ga wata na faɗi. Na yi tsalle zan kama ƙwallo sai na ga fili ya juya, na farka kaina a cinyar Koci yana yi mini fifita da hularsa. Ban karya azumi ba, na dai kai magariba da ƙyar. Daga ranar atisaye ya canza. Ya rage gudu, ya ƙara jifa da miƙa ƙwallo, ya riƙa ba da hutu daidai lokacin da ƙafa ta fara rawa, kamar yana cikin jikinmu. Muka ce Koci ya yi laushi. Ba wanda ya lura cewa gorar ruwan da yake ratayawa a jikin sanda ta daina zuwa fili.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, Baba Tanko mai gyaran keke. Mutumin kirki ne, ba mai gulma ba. Wata rana ya bi ta bayan katangar kwaleji, ya ji an busa usur an ce a sha ruwa, ya leƙa ya ga 'ya'yan Musulmi sun duƙufa a kan duro tun rana ba ta faɗi ba. Me kake so ya ɗauka? Hankalinsa ya tashi, ya zo ya sami Malam.

Bayan an sha ruwa Malam ya kira ni zaure.

"Mutumin nan yana cewa a sha ruwa da la'asar?"

"Yana cewa, Malam, amma..."

"Kuna tafiya wurin duro?"

"Muna tafiya, sai dai..."

"Ya isa. Ajiye takalmin."

Gaskiya biyu na faɗa, su suka ɗaure ni. Ba a jayayya da Malam, ni kuma a lokacin ba ni da bakin da zan warware. Na shiga ɗaki na yi kuka, ƙato da ni, ƙafafuna sun fi ƙarfin katifa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Malam ya ɗauka na sha. Kwana huɗu ina gida. In la'asar ta yi sai in ji kamar ƙarar ƙwallo a kunnena, in tashi in zauna. Na koma tafiya a duƙe. Inna ta ba ni aikin tace kunu don in daina zirga-zirga, na zubar da rabi.

Rana ta biyar, saura kamar rabin awa a kira sallar magariba, aka yi sallama a ƙofar zaure. Koci ne. Da ƙafa ya tako daga Sabon Gari, ya sa doguwar riga da na tabbata aro ya yi, ta sauko masa har ƙasa. Ya cire takalmi, ya durƙusa yadda ya ga ana yi.

"Malam, barka da yamma. Ni ne mai laifin."

Malam ya dube shi, ya ga gumi, ya ce, "Baƙo ne kai, kuma azumi bai hau kanka ba. Lawan, kawo masa ruwa."

Na ɗebo a randar Inna, mai sanyi, har moɗar tana raɓa. Na miƙa masa. A lokacin na kalli fuskarsa da kyau. Leɓensa ya tsage, ya yi fari fat, idonsa ya faɗa. Ya riƙe moɗar da hannu biyu, ya kalli ruwan, maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya ajiye ta a gefe.

"Na gode, Malam. Sai an kira."

"Sai an kira me?"

"Salla."

Malam ya rufe littafin da ke gabansa. "Azumi kake yi?"

"Ban san ko sunansa azumi ba, tunda ba addinina ba ne. Tun ranar da Dogo ya faɗi na daina ci da sha da rana. Na ga ina sa yara gudu da ƙishin da ban san nauyinsa ba. Yanzu in maƙoshina ya ce ya isa, na san nasu ma ya ce." Sai ya kwashe labarin Singa da 'yan dako da duro ya faɗa, Hausa tana karyewa yana ɗaure ta. Ya ce, "Ɗanka bai sha ko ɗigo ba. Bakina ne ya yi laifi, ba nasa ba."

Malam ya juyo ya kalle ni, kallon da ya daɗe. Na sunkuyar da kai.

Koci ya ƙara da cewa, "Malam, sunan nan da kuke kiranmu da shi, Inyamuri, an ce daga yarenmu ya fito, wai ba ni ruwa. To yau ga ɗaya ya zo zaurenka, an ba shi, ya ce a'a."

Ban taɓa jin Malam ya yi dariya da sauti ba sai ranar. Har rawaninsa ya goce. Da ya natsu ya ce, "Na bar maka shi. Amma amana ce."

Koci ya dafa ƙirji. "Malam, muddin ɗan nan naka yana azumi, ni Uche ba zan riga shi shan ruwa ba."

"Ban tambaye ka wannan ba."

"Na sani. Ni na bayar."

Ana haka ladan ya ɗaga murya. Aka shigo da kunun tsamiya da ƙosai da dabino. Malam ya ɗauki moɗar nan ya miƙa masa, ya ce, "To Koci, yanzu lokacin maganarka ya yi. Faɗe ta."

Ya buɗe baki, da ƙyar muryar ta fito: "A sha ruwa." Muka sha. Baba Tanko da ya shigo a kan gaɓa shi ya fi kowa jin kunya, kuma tun daga ranar shi ke liƙe mana ƙwallo in ta huje.

Sauran azumin ya wuce da wuya, amma da daɗi. Ranar ashirin da shida muna fili hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya tashi. Ruwan farko ya sauko, manyan ɗigo, siminti yana huci. Muka tsaya a ciki hannu a sama, kowa ya datse baki gam don kada ɗigo ya shiga. Na waiga na ga Koci shi ma ya datse nasa. Wasan da muka yi ta wahala dominsa kuwa, an cinye mu. Ni na zubar da ƙwallon ƙarshe, ga kwando ga ni. Har yau in ya so tsokanata sai ya ce tsawon banza.

Shekara talatin da wani abu ya yi a filin nan. Ya ci kofuna, ya rasa waɗanda suka fi su yawa. An neme shi a Legas ya ce zafin can ba shi da tarbiyya. Ya kafa ƙungiyar 'yan mata lokacin da ake cewa ba za ta yiwu ba, ya bi gida gida yana durƙusa wa iyaye da rigar aro, har dai Madam, matarsa, ta gaji ta ɗinka masa tasa. Yaransa sun zama malamai, sojoji, 'yan kasuwa, wasu sun buga wa jiha. A cikinsu akwai wanda bai taɓa sanin dalilin da ya sa Koci ba ya zuwa da gora a watan azumi ba. Duk shekara kuwa sai ya zo zaurenmu shan ruwa sau ɗaya, Inna ta aika wa Madam kunu, in Kirsimeti ta zo shinkafa ta dawo a kwanon. Da Malam ya rasu, yana tsaye a bakin maƙabarta har aka watse. Ni kuma na gama karatu na dawo kwalejin ina koyarwa, ina taya shi a fili. Ranar da ya yi ritaya ya cire usur ɗin daga wuyansa ya rataya mini.

Usur ɗin nan na laluba a aljihun tebur bayan wayar Ngozi. Na yi la'asar, na tari adaidaita sahu. A hanya ina kallon ƙanƙara tuli a kowane shago, ruwan leda a hannun kowane mai talla. Zafin dai shi ne, bai tsufa ba. Mu ne muka tsufa.

Na same shi a kujera a barandar gidansu, ya rame, gashi ya yi fari tas. Kofin yana kan ɗan tebur, da ƙwayoyin magani a gefe. Leɓen nan ya tsage kamar wancan karon, sai na ji zuciyata ta karye.

"Dogo. An kai ƙarata ke nan."

"An kai, Koci."

"Kana azumi?"

"Ina yi."

"To magana ta ƙare."

Na jawo benci na zauna. Na ce masa ai ko mu da aka wajabta wa, marar lafiya an ɗauke masa. Na ce Malam da kansa, azuminsa na ƙarshe, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ni nake ba shi ruwa da cokali da rana tsaka, yana sha yana hamdala.

Ya ce, "Shi Allah ya ɗauke masa. Ni Malam na yi wa alkawari, kuma ya tafi bai ce ya ɗauke mini ba."

"Ai cewa ya yi bai tambaye ka ba."

"Shi ya sa ya fi nauyi."

Ngozi tana bakin ƙofa ta harɗe hannu, ido ya cika. Ta ce, "Ka gani ko? Haka yake yi mini. Baba, so kake ka mutu ka bar ni da taurin kanka?"

Ya kawar da kai. Na san mutumin nan. In aka biyo masa ta hujja, sai a kai magariba ana yi, gobe kuma ya sake. Na duba agogo, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, daidai lokacin da yake ba mu hutu. Na miƙe tsaye, duk tsawona, na zaro usur daga cikin riga. Ya gan shi, ya gane igiyar, idonsa ya tsaya a kai.

"Koci, wa ke da magana a fili?"

Ya mayar da ido kan kofin.

"Na ce wa ke da magana?"

Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Mai usur."

Na busa. Firrr! Har kajin maƙwabta suka watse.

"A sha ruwa!"

Ya daɗe yana kallona. Ban sani ba ko dariya zai yi ko kuka. Sai ya ce, "Allah ya kai mu," yadda muke amsa masa a da. Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, ya kai shi kusa da baki. Sai ya tsaya.

Na ce a raina, shi ke nan, ya fasa.

"Dogo."

"Na'am, Koci."

"Juya bayanka. Ba a sha a gaban mai azumi."

Na juya na fuskanci bango. Ina jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat, ni kuma hawaye yana gangaro mini har gefen baki. Na datse leɓe gam don kada ya shiga.